Heinrich Barth, Bajamushen da Larabci ya buɗe masa ƙofofin Ƙasar Hausa da Barno

A tsakanin shekara ta 1850 zuwa 1855 wani masani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda mutanen Kano da Kukawa da Sakkwato suka sani da sunan Abdulkarim, ya ratsa Sahara da ƙasashen Sudan ta tsakiya da ta yamma, inda ya yi tafiyar da ta haura kilomita 15,000 a kan doki da raƙumi. Turawa da dama sun riga shi zuwa wasu sassan wannan yanki, to amma Barth ya bambanta da su ta fuskar ilimin harshen Larabci. Wannan ilimi ne ya ba shi damar zama da malamai, ya yi muhawara da su, ya ari littattafansu, kana ya isar wa Turai da tarihin Barno da Sonrai da Daular Usmaniyya kamar yadda 'yan ƙasa suka rubuta shi da hannunsu. Shi ya sa har yau duk mai nazarin tarihin arewacin Nijeriya da kudancin Nijar na ƙarni na 19 ba ya rasa komawa ga rubuce-rubucensa.

Daga Hamburg zuwa Berlin

An haifi Heinrich Barth a birnin Hamburg mai tashar jiragen ruwa a arewacin Jamus, ranar 16 ga watan Fabrairu na shekara ta 1821. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne da ya taso cikin rashi kafin ya samu wadata, ya kuma ƙuduri aniyar bai wa ɗansa ilimi mai zurfi. Yaron ya yi karatu a tsohuwar makarantar nan ta Johanneum da ke Hamburg, kuma tun a can ne ya fara koya wa kansa Larabci, baya ga harsunan Latin da Girkanci da ake koyarwa a aji.

A shekara ta 1839 ya shiga jami'ar Berlin, inda ya yi karatu a gaban August Böckh, masanin harsuna da tarihin Girkawan dā, da kuma Carl Ritter, ɗaya daga cikin waɗanda suka aza harsashin ilimin labarin ƙasa na zamani. Ya samu digirin digirgir a shekara ta 1844 da wani nazari a kan harkokin ciniki na tsohon birnin Korinti da ke ƙasar Girka. Sha'awar sanin hanyoyin fatauci da kasuwanni, wadda ta bayyana a wannan aiki na farko, ita ce ta sake bayyana daga bisani a bayanin da ya yi game da kasuwar Kano.

Lokacin ƙuruciyar Barth ya zo daidai da bunƙasar nazarin Larabci a jami'o'in Jamus. A shekara ta 1834 Gustav Flügel ya buga Alƙur'ani mai girma da Larabci a birnin Leipzig, kana a 1845 aka kafa ƙungiyar masana harsunan gabas ta Jamus, wadda mujallarta ta buga wasu daga cikin takardun da Barth ya aiko daga Afirka. To sai dai hankalin akasarin waɗannan masana yana kan Masar da Sham da Bagadaza ne. Game da Afirka ta kudu da Sahara kuwa, ra'ayin da ya yi tasiri shi ne na masanin falsafar nan Hegel, wanda ya koyar a wannan jami'a ta Berlin har zuwa rasuwarsa a 1831, yana mai cewa wai yankin ba shi da wani tarihi da za a ambata. Aikin Barth ya zama ɗaya daga cikin hujjoji mafi ƙarfi da suka rushe wannan iƙirari.

Kafin ya fuskanci Sahara sai da ya gwada kansa. A shekara ta 1845 ya je Landan ya ƙara gyara Larabcinsa, sannan ya shafe kusan shekaru uku yana zagaya gaɓar tekun Bahar Rum, daga Maroko zuwa Aljeriya da Tunisiya da Libiya da Masar, har zuwa Falasɗinu da Sham da ƙasar Turkiyya. A kusa da iyakar Libiya da Masar 'yan fashi suka far masa, suka ji masa rauni, suka kuma kwashe yawancin abin da ya rubuta. Duk da haka ya dawo gida da wani abin da aji ba ya bayarwa, wato iya magana da Larabawa a kasuwa da zango da majalisar malamai.

Ƙetare Sahara

A shekara ta 1849 gwamnatin Ingila ta shirya wani ayari ƙarƙashin jagorancin James Richardson, da nufin ƙulla yarjeniyoyin ciniki da sarakunan Sudan da kuma binciken hanyoyin daƙile cinikin bayi ta Sahara. Jakadan Purusiya a Landan, Christian von Bunsen, shi ne ya yi hanyar da aka sanya Jamusawa biyu a cikin tafiyar, wato Barth da wani masanin duwatsu mai suna Adolf Overweg. Ayarin ya tashi daga Tarabulus a watan Maris na shekara ta 1850, ya bi ta Murzuk da Gat ya nufi ƙasar Azbin.

A kusa da Gat Barth ya tsallake rijiya da baya, lokacin da ya hau dutsen Idinen shi kaɗai ya ɓata, ruwansa ya ƙare, har wani Buzu ya tsince shi rai kwakwai mutu kwakwai. A watannin da suka shafe tare da Buzayen Kel Owi, waɗanda ke amfani da Hausa a harkokinsu na yau da kullum, ya duƙufa wajen koyon harshen Hausa. A watan Oktoba na 1850 ya ziyarci Agadas, inda ya tarar da bikin naɗin Sarki Abdulƙadir. Ya ɗauki sunan Abdulkarim ne domin sauƙaƙa hulɗa da jama'a, amma a akasarin tafiyarsa bai ɓoye cewa shi Kirista ba ne.

A watan Janairu na 1851 matafiyan uku suka rabu a ƙasar Damargu, bisa alkawarin haɗuwa a Kukawa. Barth ya bi ta Tasawa zuwa Katsina, inda Sarki Muhammadu Bello ya tsare shi na 'yan kwanaki ana ja-in-ja a kan kyautar da ta kamaci sarki, kafin a sallame shi.

Kano a idon baƙo

Ranar 2 ga watan Fabrairu na shekara ta 1851 Barth ya shiga birnin Kano, a zamanin Sarki Usman ɗan Dabo. Ya iso ne aljihu babu komai, ga bashi, ga zazzaɓi, amma hakan bai hana shi hawa dutsen Dala ya zana birnin ba, ya kuma tsara taswirar unguwanninsa da ƙofofinsa. Ya ƙiyasta mazauna birnin da kimanin mutum 30,000, adadin da ya ce yakan ninka a lokacin rani idan ayarorin fatake suka sauka.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne sana'ar saƙa da rini. Ya lura cewa tufafin Kano suna kaiwa har Murzuk da Gat da Tarabulus a arewa, da kuma Tambutu a yamma, ya kuma ƙiyasta darajar abin da ake fitarwa a shekara da aƙalla kuɗin wuri miliyan 300. Ya yaba da yadda wannan sana'a ke gudana a cikin gidaje, tana ciyar da iyalai ba tare da ta raba su ba, yana mai kwatanta hakan da halin ƙunci da ma'aikatan masana'antun Turai ke ciki a zamaninsa. Kazalika ya yi bayani a kan cinikin goro da kanwa da takalma da fatu, bai kuma kau da kai daga cinikin bayi da ya gani a kasuwar ba.

Gumel da yankin Haɗeja

A watan Maris na 1851 ya bar Kano ya nufi gabas, ta cikin ƙasar da a yau take jihar Jigawa. Ya bi ta Garki ya isa Gumel, wadda a lokacin take ƙarƙashin Barno, kuma Sarki Ɗan Tanoma ne ke kan gadon sarauta. Ya tarar da gari mai cike da jama'a da babbar kasuwar kanwa, inda fataken Barno ke haɗuwa da na Ƙasar Hausa. A nan ne wasiƙu daga Turai suka riske shi bayan watanni masu yawa babu labarin gida.

Hanyarsa ta bi ta arewa da birnin Haɗeja, amma al'amuran masarautar sun shiga littafinsa, domin ya ratsa yankin ne a daidai lokacin da rikicin Sarki Buhari ke ruruwa. Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe Buhari ya naɗa ɗan'uwansa Ahmadu, shi kuwa Buhari ya janye zuwa iyakar Barno, ya tara mayaƙa, ya dawo ya ƙwace garin a shekara ta 1851, aka kashe Ahmadu. Daga nan ya ci gaba da bijire wa Sakkwato, ya fatattaki rundunar da aka tura masa a gamon Kaffur, bai kuma miƙa wuya ba har rasuwarsa a shekara ta 1863 a yaƙin da ya kai wa Badawa a Gogaram. Bayanan Barth a kan wannan rikici suna da daraja ta musamman, saboda an rubuta su ne a lokacin da abin ke faruwa, daga bakin matafiya da mazauna ƙauyukan da abin ya shafa.

Wani abin da ya danganci yankin shi ne labarin Hausa Bakwai. Barth na daga cikin Turawan farko da suka rubuta wannan riwaya, inda ya ambaci Biram, wato Garun Gabas da ke kusa da Haɗeja, a matsayin tsohon mazauni mai daraja a asalin ƙasashen Hausa. Haka kuma a ƙarshen shekara ta 1852 ya bi gaɓar Komadugu Yobe, kogin da ruwan Haɗeja da na Jama'are ke zubawa a cikinsa bayan sun ratsa fadamun Guri da Nguru, ya ziyarci kufan Birnin Gazargamu, ya kuma yi bayani a kan ƙasar Mangawa da ta Badawa, al'ummomin da har yau suke zaune a wannan kwari.

Littattafan Barno

Tun yana kan hanya ya samu labarin cewa Richardson ya rasu a Ngurutuwa a farkon watan Maris. Ya isa Kukawa ranar 2 ga watan Afrilu na 1851, inda Shehu Umar ɗan Muhammadu al-Amin al-Kanemi da wazirinsa Alhaji Bashir suka karɓe shi. Kukawa ta zama masaukinsa na kusan shekaru biyu, daga nan ne ya yi tafiye-tafiye zuwa Adamawa, inda ya ƙetare kogin Binuwai ranar 18 ga watan Yuni na 1851 ya isa Yola, kafin Lamiɗo Lawal ya umarce shi da ya koma inda ya fito saboda ya zo da rakiyar mutanen Barno. Ya kuma je Kanem da ƙasar Musgu da Bagirmi.

A Kukawa ne amfanin Larabcinsa ya fito fili. Ta hannun manyan fada ya samu Diwani, wato jerin sarakunan Sefawa da suka mulki Kanem da Barno tsawon ƙarnoni, da kuma littattafai biyu na Imam Ahmad bin Fartuwa, babban limamin Gazargamu, waɗanda aka rubuta a shekarun 1570 a kan yaƙe-yaƙen Mai Idris Aloma. Ɗaya daga cikinsu ya ƙunshi labarin hare-haren da Mai Idris ya kai ƙasar Kano da kuma yaƙinsa da Ngizimawa a yammacin Barno. Barth ya gwama waɗannan takardu da abin da marubutan Larabawa irin su al-Bakri da al-Idrisi da Ibn Baɗuɗa da Ibn Khaldun suka faɗa, ya fitar da jadawalin tarihin Barno shekara bi shekara. Kwafe-kwafen da ya aika Turai su ne masana suka dogara da su daga baya, ciki har da Bajamushen nan Dierk Lange, wanda ya buga Diwani a shekara ta 1977 da kuma littafin yaƙe-yaƙen Barno a 1987.

A Masenya, babban birnin Bagirmi, ya haɗu da wani makahon malami Bafillace mai suna Faki Sambo, wanda ya yi karatu a ƙasashen gabas, ya san ayyukan Aristo da Aflaɗun a fassararsu ta Larabci, ya kuma san tarihin Andalus. Barth ya rubuta hirarrakinsu cikin girmamawa, a matsayin tattaunawar masani da masani.

Tafiyar Musgu kuwa ta bar masa tabo. Ya bi rundunar Barno ce wadda ta fita farautar bayi, ya ga yadda aka ƙone garuruwa aka karkashe maza aka kore mata da yara, ya kuma rubuta abin da ya gani ba tare da sassauci ba. Amma kasancewar wakilin gwamnatin da ke iƙirarin yaƙi da bauta a cikin irin wannan runduna ya jawo masa suka mai zafi a Ingila.

Wurno da Sakkwato da Gwandu

Overweg ya rasu a gaɓar Tafkin Cadi a watan Satumba na 1852, Barth ya rage shi kaɗai. Maimakon ya koma gida, sai ya yanke shawarar fuskantar yamma. Ya bar Kukawa a watan Nuwamba, ya bi ta Damagaram da Katsina, ya sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba ɗan Muhammadu Bello a sansaninsa na yaƙi kusa da Wurno a bazarar 1853. Sarkin Musulmi ya amince da yarjejeniyar ciniki da Ingila, ya kuma ba shi takardar izinin wucewa. Ma ba shi ne Baturen farko da fadar ta gani ba, domin Hugh Clapperton ya ziyarci Muhammadu Bello a 1824, ya kuma rasu a Sakkwato a 1827.

A makonnin da ya yi a Wurno da Sakkwato ya nemi littattafan shugabannin jihadi, ya yi nazarin Tazyinul Waraƙat na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da Infaƙul Maisur na Muhammadu Bello. Ya kuma zauna da Malam Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Hadiza, wanda Barth ya ɗauka a matsayin mafi zurfin ilimi a cikin malaman Sakkwato na wannan zamani. Daga bakinsa ya fara samun cikakken haske a kan tarihin daular Sonrai.

A Gwandu, a watan Mayu na 1853, Sarki Halilu ɗan Abdullahi ya ƙi yarda ya yi ido biyu da shi, to amma wani malami mai suna Buhari ya ara masa wani littafi mai kauri. Wannan littafi shi ne Tarikhus Sudan, tarihin Tambutu da Jenne da sarakunan Sonrai. Barth ya kwashe kwanaki yana kwafar muhimman sassansa cikin gaggawa, ya aika da su Jamus, aka buga su a mujallar ƙungiyar masana harsunan gabas a shekara ta 1855. Ta haka ne Turai ta samu labarin Sonni Ali da Askiya Muhammadu da mamayar da Maroko ta yi a 1591 daga alƙalamin ɗan ƙasa. Barth ya jingina littafin ga Ahmad Baba na Tambutu, bisa abin da aka faɗa masa, amma bincike ya tabbatar daga baya cewa Abdurrahman as-Sa'adi ne ya wallafa shi a tsakiyar ƙarni na 17. Sai a tsakanin 1898 zuwa 1900 ne Bafaranshen nan Octave Houdas ya buga cikakken littafin tare da fassara a birnin Paris.

Amanar Shehu al-Bakkay

Barth ya ƙetare kogin Kwara a garin Say ranar 20 ga watan Yuni na 1853. A tsakanin Dori da Tambutu, inda ikon Fulanin Hamdallahi ya kai, ya ɓoye addininsa ya fito a matsayin sharifi daga gabas mai kai wa Shehu littattafai, har mutane suna neman ya sa musu albarka. Ya shiga Tambutu ranar 7 ga watan Satumba na 1853, kuma ba a jima ba asirinsa ya tonu. Hatsarin a fili yake, domin a shekara ta 1826 an kashe Gordon Laing ɗan Birtaniya jim kaɗan bayan ya bar wannan birni.

Wanda ya tsaya masa shi ne Shehu Ahmad al-Bakkay al-Kunti, jagoran ɗarikar Ƙadiriyya a yankin, jikan Sidi Mukhtar al-Kunti. Lokacin da Sarkin Hamdallahi Ahmadu ɗan Ahmadu ya buƙaci a miƙa masa baƙon ko a kore shi, Shehun ya mayar da martani da wasiƙu na fiƙihu, inda ya kafa hujja da cewa shari'a ta haramta cutar da wanda ba Musulmi ba idan ya shigo bisa amana, kuma ƙasarsa ba ta yaƙi da Musulmi. Ya fitar da shi daga gari zuwa zangonsa na sahara, ya tara Buzaye domin kare shi, kana a watan Mayu na 1854 ya raka shi da kansa har zuwa Gawo, ya kuma ba shi takardar shaida zuwa ga sarakunan da ke gaba. A tsawon watannin nan mutanen biyu sun yi ta tattaunawa da Larabci a kan addini da tarihi da siyasar duniya, kowa yana kan aƙidarsa. Waɗannan wasiƙu na al-Bakkay suna cikin muhimman takardun Afirka ta yamma a kan hakkin baƙo wanda ba Musulmi ba.

Komawa gida

Barth ya dawo ta Sakkwato ya iso Kano a watan Oktoba na 1854, inda ya tarar an riga an baza labarin mutuwarsa. A kan hanyarsa ta zuwa Barno ya ga yadda yankin ya canja cikin ƙasa da shekaru huɗu. Gumel da ya bari cike da fatake ta koma kusan kango sakamakon rikicin gadon sarauta bayan rasuwar Ɗan Tanoma, hare-haren Buhari sun sa hanya ta zama abin tsoro, a Kukawa kuma an yi juyin mulkin da ya ci ran Waziri Alhaji Bashir kafin Shehu Umar ya sake karɓar gadonsa. Ranar 1 ga watan Disamba na 1854, a wani daji kusa da Bundi, ya yi kiciɓis da Eduard Vogel, Bajamushen da aka turo domin ya tallafa masa. Ya isa Tarabulus a ƙarshen watan Agusta na 1855, ya sauka Landan a farkon Satumba.

A shekarun 1857 da 1858 ya buga labarin tafiyarsa cikin juzu'i biyar, da Ingilishi da Jamusanci, kimanin shafi 3,500. Masana sun yaba da aikin, ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Landan ta ba shi lambar zinariya, amma littafin bai samu kasuwa irin ta littafin David Livingstone da ya fito a wannan lokaci ba, saboda cike yake da jadawali da sunayen garuruwa da jerin sarakuna. Dangantakarsa da jami'an Ingila ta yi tsami, ya koma Jamus, inda nan ma ya daɗe bai samu matsayin da ya dace da shi ba. Sai a shekara ta 1863 aka ba shi muƙamin farfesa a jami'ar Berlin, ya kuma shugabanci ƙungiyar masana labarin ƙasa ta birnin. Ya rasu ranar 25 ga watan Nuwamba na 1865 yana da shekaru 44, aka binne shi a Berlin.

Gudummawarsa ga harshen Hausa

Baya ga Larabci, Barth ya iya Hausa da Barbarci, ya kuma yi nazarin Fillanci da Sonrai da harshen Buzaye. A tsakanin 1862 zuwa 1866 aka buga tarin kalmomin da ya tattara na harsunan tsakiyar Afirka a birnin Gotha, tare da bayanin nahawunsu.

Ya koma Turai tare da wasu samari biyu da Overweg ya 'yanta daga bauta, wato Dorugu, Bahaushe daga ƙasar Damagaram, da Abbega, Bamargi. Dorugu ya zauna da ɗan mishan James Frederick Schön a Ingila, ya ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi da Hausa, waɗanda suka fito a littafin Magana Hausa a shekara ta 1885, ɗaya daga cikin rubutattun zube na farko da aka buga da boko. Daga baya Dorugu ya dawo gida, ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912. Abbega kuwa ya yi sarautar Lakwaja.

Jamusawa da dama sun bi sawun Barth wajen haɗa Larabci da Hausa. Akwai Gottlob Adolf Krause, wanda Hausawa suka laƙaba wa Malam Musa, da Adam Mischlich, wanda ya yi aiki da Imam Umaru, malamin nan ɗan asalin Kano da ya zauna a Kete Karachi, da kuma Julius Lippert na makarantar harsunan gabas ta Berlin, wanda shi da Mischlich suka buga wasu takardun tarihin ƙasashen Hausa a shekara ta 1903.

Matsayinsa a yau

Masana tarihi na Afirka suna kallon Barth ta fuskoki biyu. Ta fuska guda, ma'aikacin gwamnatin Ingila ne, kuma taswirorinsa da bayanansa a kan ƙarfin kowace masarauta sun amfani waɗanda suka zo da bindiga daga baya. Shekaru 19 bayan rasuwarsa aka buɗe taron Berlin na rabon Afirka, a 1903 sojojin Ingila suka ci Kano da Sakkwato, a watan Afrilu na 1906 kuma suka ci Haɗeja, inda Sarki Muhammadu ya rasa ransa yana kare garinsa. Haka kuma wasu hukunce-hukuncen da ya yanke a kan al'ummomi da sarakuna suna ɗauke da son zuciyar Baturen zamaninsa.

Ta ɗaya fuskar, ya ɗauki malaman da ya tarar a matsayin ma'abota ilimi, ya ambaci sunayensu, ya faɗi littafin da ya samu a hannun kowanne, abin da ya ba masu bincike na baya damar tantance maganarsa har ma su gyara kurakuransa. Masanin tarihin nan na Ghana, Albert Adu Boahen, yana cikin waɗanda suka jinjina masa a kan haka, kana a 1962 Anthony Kirk-Greene ya tattara sassan littafinsa da suka shafi Nijeriya a juzu'i guda. Gidajen da ya sauka a Agadas da Tambutu suna cikin wuraren da ake nuna wa masu ziyara, jami'ar Kolon ta Jamus kuma tana da cibiyar binciken tarihin Afirka mai ɗauke da sunansa.

Ilimin da ya sa sunan Barth ya ɗore an same shi ne a zaurukan malaman Kukawa da Wurno da Gwandu da Tambutu, kuma da yawa daga cikin irin waɗannan littattafai suna nan a gidajen malamai da ɗakunan adana takardu na Kaduna da Sakkwato da Kano da Zariya. Tarikhus Sudan ya kai ga idon duniya ne saboda wani malami a Gwandu ya adana kwafinsa, ya kuma yarda ya ara wa baƙon da ya iya karanta shi.